Yadda jiragen bincike ke dasa na'urorin awo a tsakiyar teku

A farkon kowace shekara Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, takan fitar da hasashen damina: lokacin da ruwa zai sauka a kowace jiha, lokacin da zai ɗauke, da wuraren da ake fargabar fari ko ambaliya. Manomi na kasa kunne, ɗan kasuwar hatsi ma haka, domin farashin buhun masara a Dawanau yana bin labarin sama. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kaso mai tsoka na alƙaluman da irin wannan hasashe ke dogara a kansu daga teku yake fitowa, daga na'urorin da aka ɗaure ko aka saki cikin ruwa mai zurfin kilomita 4 zuwa 5, inda babu mai kai su sai jirgin ruwa.

Teku ya rufe kusan kashi 71 cikin 100 na doron duniya, kuma shi ne rumbun ajiyar zafinta. Ruwan mita 3 kacal na samansa yana iya riƙe zafi daidai da abin da dukan iskar da ke lulluɓe da duniya za ta riƙe. Tauraron ɗan'adam yana auna zafin teku daga sararin samaniya, amma fatar ruwan kawai yake gani. Abin da ke ƙarƙashi, wanda shi ne zai taso gobe ya sauya zafin saman, sai an tsoma na'ura a ciki.

Teku da damina

Iskar da ke kawo damina ƙasar Hausa daga Tekun Atilantika take tasowa, ta ratsa Mashigin Tekun Gini ɗauke da danshi, ta nufi arewa inda ƙasa ta yi zafi. Daga watan Mayu zuwa Yuni ruwa mai sanyi yakan taso daga ƙarƙashi a kusa da layin ikwaita, zafin saman tekun ya sauko daga wajen digiri 28 zuwa wajen 23 ko 24 a ma'aunin Salshiyos cikin 'yan watanni. Wannan sanyi yana ƙara tazara tsakanin teku da tudu, iska ta ƙara ƙarfi, kuma wajen ƙarshen Yuni tsakiyar ruwan sama kan yi ƙaura daga gaɓar teku zuwa arewa. A shekarar da ruwan mashigin ya ƙi yin sanyi yadda ya saba, hadari yakan maƙale a kudu. Haka aka gani a 1984, shekarar da tekun ya yi ɗumi matuƙa, Sahel kuma ta sha ɗaya daga cikin farin da dattawa ba su manta ba. Ba teku ne kaɗai ke yanke hukuncin damina ba, amma yana sahun gaba, shi ya sa cibiyoyi irin su AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai ke sa ido a kan zafinsa kafin su fitar da nasu hasashen.

Awon teku daga jirgi tsohon aiki ne. Jirgin Ingila mai suna Challenger ya kewaya duniya daga 1872 zuwa 1876, yana tsayawa a wurare fiye da 360, ana zura igiya mai nauyi a baki don sanin zurfi da zafi. Amma jirgi yakan auna ya wuce, teku kuma ba ya tsayawa. Abin da ya tilasta wa masana neman na'urorin da za su zauna dindindin shi ne ɗumamar Tekun Fasifik da ake kira El Nino ta 1982 zuwa 1983, wadda ta riga ta kankama kafin a ankara da ita. Bayan haka Amurka da abokan aikinta suka kafa jerin tashoshi kusan 70 a kan ruwan Fasifik, aka kammala a 1994. A 1997 Brazil da Faransa da Amurka suka soma irinsa a Atilantika, suka sa masa suna PIRATA. Sunan gajerce jimlar Turanci ne, amma a harshen Fotugal yana nufin ɗan fashin teku, kuma kamar yadda za a gani a gaba, barkwancin bai yi nisa da gaskiya ba.

Siffar tashar

Tashar wani abu ne mai iyo, kewayayye kamar ƙatuwar taya, faɗinsa ya ɗan haura mita 2, an yi shi da kumfa mai tauri an lulluɓe da roba mai ƙarfi. A nan za mu kira shi gora, domin aikinsa ɗaya ne da goran da masunta ke hawa a Argungu. A kansa akwai hasumiyar alminiyam mai ɗauke da ma'aunan iska, ruwan sama, danshi, zafin iska da hasken rana. Ma'aunin iskar yana kimanin mita 4 daga saman ruwa. A ƙarƙashinsa igiyar ƙarfe ce mai rufin roba, tsawon mita 700. An zaɓi ƙarfe a wannan sashe ne saboda kifaye, musamman shak, suna cizon igiya. A jikinta ake maƙala ma'aunan zafi da na gishirin ruwa, ɗaya bayan ɗaya, har zuwa zurfin mita 500, kuma ita igiyar ce da kanta ke ɗaukar saƙonsu zuwa kwamfutar da ke cikin goran, daga nan eriya ta tura wa tauraron ɗan'adam.

Daga inda ƙarfen ya ƙare sai igiyar nailan ta karɓa, ta gangara kilomita 3 ko 4 har kusa da ƙasa. Can akwai wani makulli da ke buɗewa idan ya ji wani sauti na musamman, a ƙarƙashinsa kuma sai anga. Angar ba wani abin ƙawa ba ce: tsofaffin ƙafafun jirgin ƙasa ne ake jerawa a kan sandar ƙarfe, nauyinsu kusan tan 2. Ana yanka igiyar ta ɗan gaza zurfin ruwan kaɗan, da kimanin kashi 1 da rabi cikin 100, domin nailan ɗin ya miƙe ya ɗaure tamau, ma'aunan su tsaya a zurfin da aka tsara musu. Wannan ya sa dole a san zurfin wurin daidai kafin a taɓa igiya. Idan ta yi gajarta da yawa, anga za ta ja goran ƙasa ko igiyar ta tsinke. Idan ta yi tsawo, goran zai yi ta lilo, ma'aunan su tashi daga matsayinsu.

PIRATA na da irin waɗannan goruna kimanin 18. Faransa, ta hannun cibiyar bincikenta IRD, ita ke kula da na gabas, har da na Mashigin Gini. Brazil na kula da na yamma. Hukumar NOAA ta Amurka ke ƙera na'urorin, tana kuma kula da na arewa. An raɗa wa na farkon sunayen kiɗe-kiɗe da raye-raye, irin su Samba, Reggae, Jazz da Soul. Soul ne ya fi suna, domin a baya ya yi shekaru masu yawa yana zaune daidai inda layin ikwaita ya haɗu da layin Girinwic, wato sifili da sifili a taswira, kusan kilomita 600 kudu da gaɓar Ghana, a kan ruwa mai zurfin da ya kusa mita 5,000.

Ranar dasawa

Mai karatu zai zaci anga ake fara jefawa, sannan a ɗaura goran a kanta. Akasin haka ake yi. Da za a fara da anga, da nauyin tan 2 zai rataya a jikin igiyar tun daga farko har ƙarshe, ma'aikata kuma su riƙa ɗaura na'urori a kan igiyar da ke iya tsinkewa ta fyaɗe mutum duk lokacin da raƙumin ruwa ya ɗaga jirgin. Saboda haka gora ke fara shiga, anga ce ta ƙarshe.

Tun da dare jirgin yakan bi ta kan wurin yana auna zurfi da amsa-kuwwa, ana neman shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wadda anga ba za ta gangara a kanta ba. Kyaftin da shugaban masana su duba inda iska da gudun ruwa suka nufa, sai a janye jirgin kilomita da dama daga wurin, a juyo da goshinsa ya fuskanci iska. Da gari ya waye injin ɗaga kaya ya ɗauki goran daga dandamalin jirgi, mutane riƙe da igiyoyi ta kowane gefe don kada ya yi lilo ya bugi jirgin, a sauke shi a kan ruwa a hankali. Wannan shi ne lokacin da aka fi asarar kaya, domin bugu ɗaya ya isa ya karya ma'aunin iska. A wasu lokutan ma sai goran ya zauna a ruwa tukuna ake tura ƙaramin kwalekwale a hau a ɗaura ma'aunan da ba su jure wahala.

Daga nan jirgin ya kama tafiya a hankali, bai kai saurin mai tafiya da ƙafa ba, injin naɗi yana sakin igiya ta baya. An riga an yi wa igiyar alama a kowane zurfi. Idan alama ta zo sai a tsayar da injin, a maƙala ma'auni, a ɗaure ƙusoshi, a karanta lambar ma'aunin da ƙarfi, mai rubutu ya rubuta ta tare da zurfin da lokacin. Wannan rubutu yana kama da ƙaramin aiki, amma duk wanda ya taɓa gyaran shafi a jarida ya san ɓarnar da musanya lamba biyu ke yi. Idan aka sa ma'aunin mita 40 a gurbin na mita 120 ba a rubuta ba, shekara guda za a yi ana karanta tekun a kife.

Bayan ƙarfe sai nailan, ƙunshi bayan ƙunshi, ana haɗa su da maɗauran ƙarfe. Aikin kan ci sa'o'i, goran yana ta nisa a baya har ya zama ɗan ɗigo, igiyar kilomita 4 ko 5 shimfiɗe a kan ruwa. Saurin jirgi a nan shi ne komai. In ya yi sanyi igiyar ta saki ta harɗe, ko ta shiga farfela. In ya yi yawa ta ja fiye da ƙima. A ƙarshe a haɗa makullin sauti da anga. Ba a sakin angar daidai kan wurin da ake so. Sai jirgin ya wuce shi da wasu ɗaruruwan mita, saboda yayin da take nutsewa, igiyar da goran suna janyo ta baya. Idan shugaban dandamali ya ba da umarni, kowa ya ja da baya, a tunkuɗa ta. Takan ɗauki sama da rabin sa'a kafin ta taɓa ƙasa, kuma a wannan lokaci ana iya ganin goran yana gudu a kan ruwa yana nufo jirgin kamar an ɗaura masa inji.

Ko bayan ya natsu jirgin ba ya tafiya. Yakan tsaya a wurare uku a kewaye, yana aika wa makullin sauti yana lissafin lokacin da amsa ke dawowa, a gano ainihin inda angar ta sauka. Sai a matso kusa da goran, a duba iya inda ruwa ya kama shi, a kwatanta abin da ma'aunansa ke turawa da na jirgin.

Ciro tsoho, da ɗiban ruwa

An tsara kowane gora ya yi shekara guda. Batir yana ƙarewa, gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo suna toshe ma'aunan gishiri, tsuntsayen teku suna ɓata ma'aunan hasken rana da kashinsu. Don haka dasa sabo yakan biyo bayan ciro tsoho. Ana aika wa makullin sautinsa, ya buɗe, igiyar ta rabu da anga, a janyo komai cikin jirgi. Angar kan zauna a can har abada. Ma'aunan da aka ciro ana mayar da su ɗakin gwaji a sake auna su, domin ma'aunin da ya shekara a ruwan gishiri yakan kauce kaɗan, kuma sai an san iya kaucewarsa ake gyara alƙaluman shekarar. Faransa na yin wannan zagaye sau ɗaya a shekara, tun daga 2015 da jirgin Thalassa, tafiyar da kan ci makonni 5 zuwa 6.

A kowace tasha akan kuma saukar da wata na'ura da ita ce ma'aunin gaskiyar sauran. Keji ne na ƙarfe da ya kai tsayin mutum, an jera masa dogayen kwalaben roba, galibi 24, kowace na cin lita 10 zuwa 12, a tsakiyarsu ma'aunan zafi, gishiri da matsin ruwa. Ana zura shi da waya mai ɗauke da lantarki, kimanin mita 1 a daƙiƙa, kwalaben a buɗe sama da ƙasa. Masana na zaune gaban kwamfuta suna kallon yadda zafi ke raguwa. A hanyar dawowa sai a riƙa rufe kwalba ɗaya a kowane zurfin da aka zaɓa. Zuwa ƙasa da dawowa a ruwa mai zurfi kan ci sa'o'i 3 zuwa 4, jirgin yana tsaye cik, kuma ana yin haka dare da rana, ma'aikata na karɓa-karɓa.

Waɗanda ake saki su tafi

Ba kowace na'ura ake ɗaurewa ba. Mafi muhimmanci cikin masu yawo su ne na shirin Argo, wanda aka soma sakin na'urorinsa wajen 2000. Kowace tana kama da silindar iskar oksijin ta asibiti mai eriya a ka, mutum ɗaya ko biyu na iya ɗaukarta. Ba ta da farfela. Tana da 'yar salkar roba a gindi da famfon mai: idan aka tura mai cikin salkar sai ta kumbura na'urar ta taso, idan aka janye sai ta nutse. Takan sauka mita 1,000 ta bi ruwa kusan kwana 9, ta ƙara nutsewa zuwa mita 2,000, sannan ta taso cikin kimanin sa'o'i 6 tana auna zafi da gishiri, ta tura wa tauraron ɗan'adam, ta koma. Haka za ta yi ta yi duk kwana 10 har shekara 4 ko 5.

Sakinta ya fi dasa gora sauƙi nesa ba kusa ba. A gwada ta a dandamali, jirgi ya rage gudu, a sauke ta da igiya ta baya, wani lokaci cikin kwalin da ke buɗewa idan ya jiƙe. Shi ya sa jiragen dakon kaya da na masu tsere ma suna taimakawa, kuma wani ɗan ƙaramin jirgin bincike na New Zealand mai suna Kaharoa, mai tsawon mita 28, shi kaɗai ya saki fiye da 1,000. An cimma burin na'ura 3,000 a 2007, yanzu suna kusan 4,000, ƙasashe kusan 30 ke sayensu. A 2018 suka cika awo miliyan 2, kuma duk abin da suka turo ana sa shi a intanet kyauta, galibi cikin sa'o'i 24. Da su aka tabbatar cewa kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da ɗumamar yanayi ta tara, teku ne ya shanye shi.

Su ma suna kuskure. A 2006 wasu masana suka ba da rahoton cewa teku ya soma yin sanyi, labarin ya bazu. Shekara guda bayan haka aka gano cewa wani rukunin na'urorin Argo yana ba da zurfin da ba daidai ba, tsofaffin ma'aunan da ake jefawa daga jirgi kuma suna ƙara zafi fiye da gaskiya. Kwatantawa da awon da aka yi da kejin kwalabe daga jirgi na cikin abin da ya tona matsalar. Akwai kuma ƙananan goruna masu bin saman ruwa, kimanin 1,250 a duniya, kowane da wani dogon buhu rataye a zurfin mita 15 don ruwa ya ja shi maimakon iska.

Izini, masunta da kuɗi

Yarjejeniyar Dokar Teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa mai gaɓa iko da albarkatun ruwan da ke cikin mil 200 na teku daga gaɓarta. Jirgin da ke son yin bincike a ciki sai ya nemi izini aƙalla wata 6 kafin ya zo. Na'urar Argo kuwa ba ta san iyaka ba, shi ya sa aka yi tsarin sanar da ƙasa idan wata na dab da shiga ruwanta.

Babbar matsalar gorunan da aka ɗaure ita ce kifi. Duk abin da ke iyo a tsakiyar teku yana tara ƙananan kifaye a inuwarsa, su kuma su jawo kifin tuna, tuna ta jawo jiragen kamun kifi. Wasu sukan ɗaure jirginsu a jikin goran, wasu su ja shi gefe su shimfiɗa koma a ƙarƙashinsa, igiya ta tsinke. Wasu su kwance abin da ya yi musu. Tashoshi biyu na PIRATA da ke kusa da ikwaita a Mashigin Gini an haƙura da su tun 1999 saboda irin wannan ɓarna. Fashin teku a yankin ya ƙara wa jiragen bincike wahalar zirga-zirga.

Sai kuɗi. Babban jirgin bincike yakan ci sama da dala 20,000 a rana, kuma shi ne abu na farko da ake yankewa idan kasafi ya matse. A 2012 NOAA ta ajiye jirgin da ke kula da gorunan Fasifik, kafin shekara biyu alƙaluman da ke fitowa daga jerin suka faɗi ƙasa da rabi, sai da aka dawo da zagayen gyara suka farfaɗo. A 2020 annobar korona ta tsare jirage da yawa a tashoshi, goruna suka wuce wa'adinsu a ruwa babu mai zuwa.

Najeriya na da gaɓa mai tsawon kimanin kilomita 853, tana da Cibiyar Binciken Teku ta NIOMR da aka kafa a Legas a 1975, wadda ta samu jirgin bincike mai suna Bayagbona a 2014. Aikin jirgin ya fi karkata ga kifi da ruwan da ke kusa da gaɓa. Masana da ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma, irin su Benin da Kwaddibuwa, sun sha shiga jiragen Faransa a zagayen PIRATA, musamman tun daga binciken damina na AMMA da aka yi tsakanin 2005 da 2007, lokacin da jirage ke tashi daga Kwatano. Amma gorunan da ke auna ruwan da daminar Sahel ke tasowa daga gare shi, har yau kasafin Faransa da Amurka da Brazil ke biyan kuɗin jirgin da ke zuwa sauya su.